Tarihin Semax da Selank: Daga Akwatin Ɓera Zuwa Ɗigon Hanci

A shekarar 1978 kaɗai, Amurkawa sun haɗiyi ƙwayar baliyam sama da biliyan 2. Kamfanin Hoffmann-La Roche ne ya fito da ita a 1963, shekara uku bayan yayarta Librium, kuma dukansu biyun daga hannun masanin haɗa sinadarai Leo Sternbach suka fito. Tana aiki, wannan babu ja. Cikin ɗan lokaci faɗuwar gaba ta kwanta, jiki ya saki. Sai dai tana karɓar ladanta. Mai shanta yakan yi ta gyangyaɗi, abin da aka faɗa masa bayan ya sha ya bi iska, in kuwa ya daɗe a kanta jiki ya saba, ranar da ya bari fargabar ta dawo har da kyarma da rashin barci. A 1988 kwamitin da ke sa ido kan magunguna a Birtaniya ya ja kunnen likitoci da kada su bar majinyaci ya wuce mako 2 zuwa 4 yana sha. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce, domin duk wanda ya san ta'asar shaye-shayen ƙwaya a garuruwanmu ya san baliyam da rochi.

Tambayar da ta hana masana sakat ita ce: za a iya kwantar da hankalin mutum ba tare da an dushe masa kaifin basira ba? Wasu sun ce amsar tana cikin jikin da kansa, a cikin gajerun saƙonnin da gaɓoɓi ke aika wa juna, waɗanda ake kira feftayid. Wannan bincike ya fara a Holan, ya yi tuntuɓe a Amurka, ya je ya yi jijiya a Mosko.

Jiki yana gina furotin daga ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Ka ɗauke su tamkar 'ya'yan carbi masu launi 20 da ake zurawa a zare. In zaren ya yi tsawo, ya ɗauki ɗaruruwa, furotin ke nan. In gajere ne, daga 2 zuwa kamar 50, shi ne feftayid. Jerin da aka bi wajen zurawar shi ke ɗauke da saƙon, kuma sauya ɗan carbi ɗaya tak kan iya canza shi ko ya kashe shi. Bajamushe Emil Fischer ne ya fara ɗaura biyu a ɗakin gwaji a 1901. A 1953 Vincent du Vigneaud na Jami'ar Cornell ya haɗa oksitosin mai amino asid 9, wanda matanmu suka sani a asibiti da sunan ruwan naƙuda, aka ba shi kyautar Nobel a 1955. A 1963 kuma Bruce Merrifield ya fito da dabarar manna ɗan carbin farko a jikin ƙwayoyin roba, a ƙara na biyu, a wanke, a ƙara na uku, har a kammala. Aikin watanni ya koma na kwanaki. Daga nan ƙofa ta buɗe, duk mai ɗakin gwaji zai iya yanka saƙon jiki gunduwa-gunduwa ya ga abin da kowane yanki ke yi.

Ɓerayen David de Wied

David de Wied Bayahuden Holan ne, an haife shi a 1925, ya tsira daga mamayar 'yan Nazi ta hanyar ɓuya. Ya karanci likitanci a Groningen, sannan a 1963 ya koma Utrecht ya shugabanci Cibiyar Rudolf Magnus ta nazarin magunguna. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne fituwitari, wani ɗan ƙulli da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda a jikin mutum bai kai giram 1 ba. Cikin saƙonnin da yake fitarwa akwai ACTH mai amino asid 39, wanda ke umartar ƙullin saman ƙoda ya saki kotisol idan an shiga tashin hankali.

Kayan aikinsa akwati ne mai ɗaki biyu, da ɗan shinge a tsakani, ƙasansa sandunan ƙarfe. A sa ɓera a ciki, ƙararrawa ta yi ƙara, bayan 'yan daƙiƙoƙi a saki lantarki marar ƙarfi a sandunan. Da farko ɓeran sai ya ji zafi a tafin ƙafa kafin ya tsallaka. In aka maimaita, yakan gane, da jin ƙara ya yi wuf ya haye shingen tun wuta ba ta zo ba. De Wied ya lura cewa ɓeran da aka cire wa fituwitari ba ya kama wannan darasi da kyau, amma da an yi masa allurar ACTH sai ya dawo daidai. Kowa ya ɗauka ta hanyar ƙullin ƙoda abin yake bi. Sai ya fara gutsuttsura saƙon, ya tarar cewa yankin da ya kama daga lamba 4 zuwa 10, wanda ba ya motsa ƙullin ƙoda ko kaɗan, yana gyara koyon. Daga baya aka ga ko na 4 zuwa 7 ma ya isa. Ma'ana, a cikin saƙo guda akwai wani ɓoyayyen saƙon da ƙwaƙwalwa ce ke karanta shi. A farkon shekarun 1970 ya sa wa irin waɗannan sinadarai suna niyurofeftayid, wato feftayid masu magana da jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Amma akwai lauje cikin naɗi, kuma ya bi wannan tarihi har ƙarshensa. Ɗaya daga cikin ma'aunan de Wied shi ne a kashe lantarkin, a ci gaba da kaɗa ƙararrawa, a ga tsawon lokacin da ɓeran zai ɗauka yana tsalle. Wanda aka yi wa allura ya fi daɗewa. To wannan ɓeran, hadda ce ta yi masa ƙarfi ko tsoro ne ya ƙi sakinsa? Da de Wied ya ce basofiresin, saƙon da ke hana jiki zubar da ruwa, yana dasa tunani a ƙwaƙwalwa, sai Michel Le Moal da George Koob da Floyd Bloom suka ƙalubalance shi a 1981. Suka nuna cewa allurar tana ɗaga hawan jinin ɓera, kuma dabbar da jikinta ya tashi dole ta fi lura da abin da ke faruwa da ita. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja.

Sinadarin tsoron duhu

A daidai lokacin da de Wied ke gwajin ACTH a kan ɓerayensa ne wani labari mai ban mamaki ya taso daga Houston. Georges Ungar na Kwalejin Likitanci ta Baylor ya yi imani cewa kowane abin da aka koya yana da nasa feftayid. Ɓera dabbar duhu ce, sai ya riƙa sakar mata lantarki duk lokacin da ta shiga baƙin akwati har ta koma gudun duhu. Ya yanka ɓerayen, ya niƙa ƙwaƙwalwarsu, ya yi wa waɗansu da ba a horar ba allurar ruwan, ya ba da rahoto a 1968 cewa su ma sun fara ƙin duhu. Ya tara ƙwaƙwalwar ɓeraye wajen 4,000, ya ce ya tace wani feftayid mai amino asid 15 da ya kira sikotofobin. Mujallar Nature ta buga aikin a 1972, amma ta haɗa shi da doguwar suka daga Walter Stewart, wanda ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya ya nuna ba su isa a san jerin sinadarin ba. Wasu ɗakunan gwajin sun maimaita sun ga wani abu, wasu ba su ga komai ba. Kuɗin bincike ya ƙafe, Ungar ya rasu a 1977, maganar ta bi shi. Tabon da ta bari shi ne, a Amurka duk wanda ya haɗa kalmar feftayid da ƙarin hadda sai a dube shi a kaikaice.

Fagen bai mutu ba, domin a 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen sun ciro enkefalin daga ƙwaƙwalwar alade, feftayid mai amino asid 5 da ke kashe zafi ta ƙofar da mofin ke bi. Wannan ya tabbatar cewa ƙwaƙwalwa tana da nata kantin magani. Matsalar ita ce yadda za a mai da irin wannan saƙo magani. In an haɗiya, ciki ya narkar da shi kamar kowane abinci. In an yi allura, enzayim da ke yawo a jini su daddatsa shi cikin mintuna. Ɗan abin da ya tsira kuma ya tarar da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ba ya barin yawancin sinadarai su wuce.

Kamfanin Organon da ke garin Oss ya gwada sa'arsa. Ya sauya wasu amino asid a yankin ACTH na 4 zuwa 9, ya samu Org 2766, wanda a gwajin ɓera ya ninka na asali ƙarfi har kusan sau 1,000. An gwada shi a kan tsofaffi masu cutar mantuwa, da yara masu galahanga, da masu kansa waɗanda magani ya lalata wa jijiyoyin hannu da ƙafa. Ƙananan gwaje-gwajen farko sun sa an yi murna, waɗanda suka fi su girma suka biyo baya suka kashe murnar. Bai taɓa shiga kasuwa ba.

Wutsiyar Mosko

A Tarayyar Sobiyet ana karanta takardun de Wied da idon basira. A ƙarshen shekarun 1970 mutum biyu suka haɗa kai: Igor Ashmarin, masanin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Mosko, da Nikolai Myasoedov na Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Gado ta Kwalejin Kimiyya, wadda aka ɓallo a 1978 daga cibiyar nukiliya ta Kurchatov. Wannan asali ya yi musu rana. Myasoedov gwani ne wajen sa wa sinadari alamar tiritiyam mai fitar da tururin nukiliya, don haka suna iya bin sawun feftayid a jikin ɓera, su ga inda ya je da inda aka datse shi.

Dabararsu ta dogara ne a kan furolin, amino asid ɗin da siffarsa ta zobe ke lanƙwasa zaren ta yadda yawancin enzayim ba sa samun wurin kamawa. Suka ɗauki guda huɗun nan na de Wied, wato ACTH na 4 zuwa 7, suka ɗaura musu wutsiya mai uku: furolin, gilaisin, furolin. Jimla bakwai. Wannan shi ne Semax. A cewar rahotanninsu, tasirin yankin asali yakan gushe cikin sa'a guda, na Semax kuwa yakan kai kusan yini da kwana. Suka kuma zaɓi hanci a matsayin ƙofa, domin a can saman kogon hanci jijiyoyin jin ƙanshi suna ratsa wani ƙashi mai ƙananan huji su shiga kai tsaye cikin ƙoƙon kai.

Aikin ya nuna a daidai lokacin da ƙasar da ta ɗauki nauyinsa take rushewa. Bayan Disamban 1991 albashin masana ya zama abin dariya, dubbai suka yi hijira, kuɗin sayo magani daga waje ya yi wuya. A cikin wannan hali, a tsakiyar shekarun 1990, aka yi wa Semax rajista a Rasha a matsayin ɗigon hanci. Mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari na raunin tunani da gajiyar ƙwaƙwalwa da cutar jijiyar ido ne, daga baya aka fito da mai kashi 1 cikin ɗari don shanyewar ɓarin jiki. A 1997 Yevgeny Gusev da Veronika Skvortsova, wadda ta zama ministar lafiya a 2012, sun ba da rahoton majinyata 30 da aka ba Semax a kwanakin farko na toshewar jini a ƙwaƙwalwa, suka ce sun fi saurin farfaɗowa. A Disamban 2011 gwamnati ta sa shi cikin jerin magunguna masu matuƙar muhimmanci.

Ƙanensa Selank ya fito ne daga wani gida dabam. A 1970 Victor Najjar da Keisuke Nishioka a Jami'ar Tufts da ke Boston sun gano wani feftayid mai amino asid 4 a jikin furotin ɗin garkuwar jini, wanda saifa ke taimakawa wajen sakinsa, aikinsa zuga fararen ƙwayoyin jini su cinye ƙwayoyin cuta. Sunansa taftsin. Masanan Rasha suka lura yana taɓa halayyar dabbobi, ba garkuwar jiki kaɗai ba. Sai cibiyar Myasoedov ta haɗa gwiwa da Cibiyar Zakusov ta nazarin magunguna ƙarƙashin Sergei Seredenin, aka ɗaura masa waccan wutsiya mai uku. An yi masa rajista a 2009, ɗigon hanci mai ƙarfin kashi 0.15 cikin ɗari, maganin zullumi da yawan fargaba. Alkawarin da ya zo da shi shi ne burin da aka daɗe ana nema: natsuwa ba tare da gyangyaɗi ko mantuwa ko sabo ba.

Yaya suke aiki? Gwaje-gwajen ɓera sun nuna Semax yana ƙara yawan BDNF, furotin ɗin da ke ciyar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya taimaka musu ƙulla sababbin mahaɗai, a sashen da ke adana sabon tunani. Selank kuma an nuna yana rage saurin enzayim ɗin da ke lalata enkefalin, yana kuma taɓa tsarin GABA, wato birkin ƙwaƙwalwa, wanda baliyam ma shi take takawa.

Nauyin hujja

A nan ne gizo ke saƙar. Gwajin Selank da aka fi ambatawa, wanda aka buga a 2008, ya ƙunshi majinyata 62. An ba 30 Selank, an ba 32 medazefam, ɗan gidan su baliyam, aka ce sakamakon ya zo kusan ɗaya. Babu rukuni na uku da aka ɗiga wa ruwan da ba magani a ciki. A cutar fargaba wannan babban giɓi ne, domin mutane da yawa kan samu sauƙi daga ganin likita da sa rai kaɗai. Kusan duk gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, da harshen Rashanci aka buga su, kuma sau da yawa sunayen waɗanda suka ƙirƙiro maganin suna cikin marubutan. Ba wani zargin rashin gaskiya a cikin faɗin haka, amma mai kaya ba ya zama alƙalin kayansa. A 1998 Andrew Vickers da abokan aikinsa sun ƙirga rahotannin gwajin magani daga ƙasashe dabam-dabam, suka tarar kashi 97 cikin ɗari na waɗanda suka fito daga Rasha da tsohuwar Sobiyet sun ce maganin ya yi aiki, alhali na Ingila kashi 75 ne. Fassarar da ta fi kusa ita ce, gwajin da bai yi nasara ba yana ƙarewa ne a cikin durowa.

Wani ɓangare na tunanin Mosko ya samu shaida daga waje. A 2002 Jan Born da abokansa a Lübeck ta Jamus sun fesa wa masu lafiya ACTH na 4 zuwa 10 da basofiresin da insulin a hanci, suka ɗebi ruwan lakarsu, suka ga sinadaran sun isa can cikin minti 30. Ƙofar hanci gaskiya ce. Amma isa wuri dabam, biyan buƙata dabam. Dabunetayid, feftayid mai amino asid 8 da ya fito daga ɗakin gwajin Illana Gozes a Jami'ar Tel Aviv, shi ma ta hanci ake ba da shi, shi ma ya kare ƙwaƙwalwar ɓera, shi ma gwajinsa na farko a kan mutane ya ba da alamar fata. Aka tara mutum 313 masu wata cutar lalacewar ƙwaƙwalwa, aka raba su gida biyu da ƙuri'a, likita da majinyaci ba wanda ya san abin da ke cikin kwalba, aka bi su shekara guda. A ƙarshen 2012 aka buɗe sakamako: babu bambanci.

Semax da Selank ba su taɓa shiga irin wannan siraɗi ba, kuma dalilin kuɗi ne da siyasa. An daɗe da buga jerin amino asid ɗinsu, duk mai injin da ya gaji dabarar Merrifield zai iya kwafarsu, don haka babu kamfanin da zai zuba miliyoyin daloli a kan abin da ba zai mallaka shi kaɗai ba. Yaƙin Yukiren na 2022 kuma ya tsinke yawancin hulɗar kimiyya tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma. Hukumar magunguna ta Amurka da ta Tarayyar Turai ba su amince da su ba. Wannan bai hana su tsallaka iyaka ba. Masu neman kaifin ƙwaƙwalwa a Amurka da Turai suna sayensu ta intanet a ƙananan kwalabe na farin gari, da rubutu a jiki cewa na bincike ne, ba na amfanin ɗan Adam ba. Har da waɗansu sababbin nau'o'i da aka ƙara wa kai da gindi, waɗanda ko a Rasha ba su da rajista. A Satumban 2023 hukumar Amurka ta sa sunayen biyun cikin jerin sinadaran da take da shakku a kan lafiyarsu, tana mai cewa gurɓatattun gutsattsarin da ke saura wajen haɗa feftayid na iya tayar da garkuwar jiki, kuma bayanan da ke hannu ba su isa a yanke hukunci ba.

Dabarar ɗaura wa saƙon jiki wani abu don ya daɗe ta yi nasarar da ba a taɓa zato ba, amma a wani fagen. Semagulutayid, wanda duniya ta sani da Ozempic, feftayid ne da aka rataya wa sarƙar kitse don ya kama furotin ɗin jini ya yi mako guda yana aiki, ya kuma sauya yadda ake jinyar ciwon sukari da ƙiba. Da aka ga alamun cewa masu shansa ba su cika kamuwa da cutar mantuwa ba, kamfanin Novo Nordisk ya tara mutum sama da 3,800 masu farkon cutar Alzheimer, ya bi su shekara biyu. A Nuwamban 2025 ya fito ya sanar cewa maganin bai rage saurin cutar ba. Amsa ce mai ɗaci, amma amsa ce, kuma yanzu likita ya san abin da zai gaya wa iyalin majinyaci. Wanda ya tambayi likita a kan Selank kuwa, iyakar abin da za a iya miƙa masa shi ne ɓeraye masu yawa, da ƙananan gwaje-gwaje irin na mutum 62, da rajistar hukumar ƙasar da ta ƙera shi. Sama da shekara 60 bayan de Wied ya fara kaɗa ƙararrawarsa, ba a tara isassun mutane an yi wa waɗannan magunguna biyu tambayar da za ta raba gardama ba.